An sallame ni daga sojan Amurka da baƙar takarda, ko tana wankuwa?

Assalamu alaikum Kawu. Ni haifaffen Zangon Kumasi ne. Na shigo Amurka ta cacar biza a 2009, na shiga sojan ƙasa a 2011, aka kai mu Afganistan a 2013. Wata rana motar da ke gabanmu ta taka bam, abokin da muke kwana ɗaki ɗaya yana ciki. Tun da muka dawo barci ya ƙaurace min. Na fara shan wiwi don in samu in runtsa, na riƙa makara wajen fareti, har na taɓa yin kwana tara ban koma bariki ba. Gwajin fitsari ya kama ni, a 2015 aka sallame ni da takardar OTH, wato sallamar da ba ta mutunci ba. Wani saje ya ce min bayan wata shida za ta gyaru da kanta. Yanzu tasi nake tuƙawa a Bronx, girin kad kawai gare ni. A gida kowa ya ɗauka na gama aiki lafiya. Mahaifiyata tana kwance, ina son in je in gan ta. Shin takardar nan tana gyaruwa? In rubuta musu wasiƙar ban haƙuri?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne.

Bari in fara da sajen nan. Ko dai shi ma haka ya ji ya ɗauka, ko kuma ya faɗa ne don ka sa hannu ka ba shi wuri. Maganar wata shida tsohuwar tatsuniya ce da ke yawo a barikokin Amurka tun kafin a haife ka. Babu takardar sallamar da ke gyara kanta, ko da za ta shekara hamsin a ƙasan akwati. Sai ka nema, sai kuma ka kawo hujja. Amma tana gyaruwa, kuma irin labarin da ka ba ni yana cikin waɗanda hukumar soja ta yi wa tanadi na musamman.

Ɗauko takardar sallamarka, wato DD-214, tukuna. Kwafi biyu suke ba soja: gajere, wanda aka yanke masa ƙasa, da dogo mai lamba 4. Dogon nake so ka shimfiɗa a kan tebur. Gida na 24 shi ne ke faɗin irin sallamar. Na 25 yana nuna dokar da aka yi amfani da ita, kuma ina sa ran za ka ga AR 635-200, babi na 14, wanda shi ne babin rashin ɗa'a. Na 27 lambar da ke cewa ko za ka iya komawa soja, na 28 kuma dalilin korar a rubuce. Mutane da yawa suna neman a gyara gida na 24 su manta da na 28, sai a ba su kyakkyawar sallama amma kalmar shan ƙwaya tana nan zaune a ƙasa, duk mai ɗaukar aiki yana gani. Ka nemi a gyara duka.

Sallamar soja hawa-hawa ce. A sama akwai ta girmamawa, sai ta gama-gari wadda ita ma ana lissafa ta cikin na mutunci, sai taka, OTH. Waɗannan ukun duk daga ofis suke fitowa. Biyun da ke ƙasa da su kotun soja ce ke yanke su. Ka gode Allah taka ba ta kotu ba ce, don hakan ya bar maka ƙofa mafi sauƙi a buɗe, wato kwamitin duba sallama na sojan ƙasa, wanda ake nema da fom DD-293. Wa'adinsa shekara 15 daga ranar sallama, ka ga naka zai cika a 2030. Kada ka ga kamar da sauran nisa, tara takardu kaɗai yakan ci watanni. In wa'adin ya wuce, ko kwamitin ya ƙi, akwai hukumar gyara bayanan soja da ake nema da fom DD-149. Duka biyun ba a biyan ko sisi.

Yanzu ga maganar ban haƙuri, kuma a nan nake son ka tsaya ka ji ni da kyau. Mu mun taso ne a inda in ka yi wa babba laifi, sai ka nemi dattijo ya raka ka, ka durƙusa, ka ce tuba nake, magana ta wuce. Mutanen da za su buɗe fayil ɗinka ba haka suke aiki ba. Tun farko sun ɗauka cewa abin da kwamandanka ya yi daidai ne, kai ne za ka nuna akasin haka. Tambayoyi biyu ke gabansu: an bi doka wajen korarka? In ma an bi, hukuncin ya yi adalci? Wasiƙar da ta cika da "ku yi min rai, na yi nadama" ba ta amsa ko ɗaya. Nadama tana da gurbi, amma layi biyu ko uku sun ishe ta.

Abin da zai ɗauki nauyin ƙararka shi ne wannan bam ɗin da ka ambata a jimla ɗaya ka wuce kamar ba komai ba. A watan Satumba na 2014, sakataren tsaro Chuck Hagel ya ba da umarni a riƙa sassauta wa tsofaffin sojojin da ciwon firgicin yaƙi, wato PTSD, ya jefa cikin laifi. A watan Agusta na 2017 aka faɗaɗa umarnin a takardar da ake kira ta Kurta, sunan jami'in ma'aikatar tsaro da ya sa mata hannu, ta haɗa da buguwar ƙwaƙwalwa da sauran larurar tunani da cin zarafi. Ita ce ta jera wa kwamiti tambayoyi huɗu: akwai larura ko wani abu da ya sami mutumin? A lokacin aikin soja ya same shi? Shin yana bayyana laifin ko yana rage nauyinsa? Ya rinjayi laifin a ma'auni? Takardar ta yarda cewa shaye-shaye yakan zama hanyar da majinyaci ke yi wa kansa magani, ta kuma ce bayanin tsohon soja da bakinsa ma hujja ne. Laifin da aka zauna aka kitsa ne ba kasafai take yafewa ba, naka kuwa bai yi kama da shi ba.

Ba kai kaɗai ba ne. Ofishin binciken gwamnati na GAO ya fitar da rahoto a 2017: cikin sojoji 91,764 da aka kora saboda rashin ɗa'a tsakanin 2011 da 2015, kashi 62 cikin ɗari an riga an gano suna da PTSD ko buguwar ƙwaƙwalwa ko wata larura makamanciya a cikin shekara biyu kafin korar. Waɗannan ma waɗanda suka je gaban likita ke nan. Irinku da aka koya wa cewa namiji ba ya kuka, kuka haɗiye abin kuka yi shiru, ba ku shiga lissafin ba.

To, shirun nan shi ne babban abokin gabarka yanzu. Na san abin da ake cewa a majalisa in mutum ya ce zai ga likitan ƙwaƙwalwa, sai a fara kallonsa ta gefen ido. Na kuma san wataƙila an yi maka ruƙiyya, an ba ka rubutu ka sha. Ci gaba da addu'arka, ba ta hana zuwa asibiti. Amma kwamiti ba zai karanta allon malam ba. Abin da zai karanta shi ne rahoton likitan da ke da lasisi, wanda ya zauna da kai, ya gano larurar, ya rubuta ƙarara cewa a ganinsa ta faro ne daga Afganistan kuma ita ce ta kai ka ga wiwi da gudun bariki. Ganowar da aka yi bayan shekaru ma ana karɓa. Kuma kada ka ce OTH ta rufe maka ƙofar VA, wato ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, gaba ɗaya: tun 2018 doka ta buɗe kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ga masu irin takardarka da suka yi sama da kwana 100 a aiki aka kuma kai su fagen daga. Cibiyoyin ba tsofaffin sojoji shawara, wato Vet Center, ma suna karɓar waɗanda suka je yaƙi. In wani dare abin ya yi maka nauyi har kana tunanin cutar da kanka, buga 988 ka danna 1, akwai mai ɗauka ko ƙarfe nawa ne.

Sai ka nemi fayil ɗinka gaba ɗaya da fom SF-180, har da na asibitin soja. Abin da za ka nema a ciki shi ne tsagin da ya raba rayuwarka biyu. In daga 2011 zuwa 2013 babu komai sai yabo da ƙarin girma, sannan daga dawowa aka fara rubuta ka, to fayil ɗin da kansa ya ba da shaida. Ka duba fom ɗin lafiya da kuka cika bayan dawowa, ko ka taɓa rubuta cewa ba ka barci. Ka duba ko likita ya gwada ka kafin a kore ka, domin doka ta wajabta gwajin ga sojan da aka kai fagen daga cikin wata 24 kafin sallamar OTH, muddin an gano yana da PTSD ko ya yi ƙorafin alamunsa. In ka yi ƙorafi aka tsallake gwajin, ka sami amsar tambayar ko an bi doka wajen korarka. Ka kuma lalubo waɗanda kuke tare ranar bam ɗin. Wasiƙar mutum ɗaya da zai ce "ina motar baya, na ga yadda ya koma bayan ranar" ta fi wasiƙu goma na yabo.

Rayuwarka bayan soja ma tana shiga ma'auni, musamman tun umarnin da wani babban jami'in ma'aikatar tsaro, Robert Wilkie, ya bayar a watan Yuli 2018. Takardun haraji, lasisin tasi mai tsabta, shaidar cewa 'yan sanda ba su taɓa kama ka ba, duk ka haɗa. In limaminku zai rubuta maka, roƙe shi kada ya tsaya a "yaron kirki ne mai sallah". Ya faɗi shekara nawa ya san ka, da abin da ya gani da idonsa, ko da kai tsofaffi asibiti ne kyauta ranar Juma'a.

Dabara ɗaya: ana iya neman a duba takardu kawai, ana kuma iya neman zama gaban kwamiti, yanzu har ta waya ko bidiyo. In ka fara da takardu aka ƙi, kana da damar zaman matuƙar wa'adi bai cika ba. In ka fara da zama, ka ƙona harsashi ɗaya. Kuma kada ka shiga shi kaɗai. Akwai lauyoyin da ke wannan aiki kyauta, irin su ƙungiyar NVLSP da The Veterans Consortium, da asibitocin shari'a na jami'o'i. Na jami'ar Yale ne ya ja ƙarar wani tsohon soja mai suna Kennedy, wadda ta sa sojan ƙasa suka amince a 2021 su sake duba dubban fayiloli. Duk wanda ya ce ka ba shi dala dubu kaza ya tabbatar maka da nasara, kama gabanka. Ba wanda ke da tabbas, ana ƙin da yawa, jiran kuma yakan kai shekara ko fiye.

Abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarka kuwa shi ne girin kad. Da yawa sun ɗauka kaki da rantsuwa sun mai da su 'yan ƙasa, ba haka ba ne, akwai tsofaffin sojojin Amurka da aka tasa ƙeyarsu suna zaune a Tijuwana ta Meziko. Sashe na 329 na dokar shige da fice ya sauƙaƙa wa wanda ya yi soja tun daga 11 ga Satumba 2001 zama ɗan ƙasa, amma sai sallamarsa ta kasance ta mutunci. Ko zuwa ta gama-gari aka ɗaga taka, ta wadatar a nan, kodayake tallafin karatu na GI Bill sai mai ta girmamawa. Hanyar kowa da kowa ta zama ɗan ƙasa bayan shekara biyar da girin kad ma tana nan, sai dai za a tambaye ka yadda ka bar soja.

Ga inda gizo ke saƙar. Don ka ci nasara a kwamitin soja, dole ka rubuta da hannunka cewa ka sha wiwi. Ita kuwa hukumar shige da fice, amsa laifin ƙwaya babban abu ne a wurinta, ko da ba a taɓa kai mutum kotu ba. Jihar New York ta halatta wiwi a 2021, amma a dokar tarayya haramun ce har gobe, kuma dokar tarayya ce ke riƙe da katinka. Ban ce ka ɓoye ko ka yi ƙarya ba, wannan ya fi komai haɗari. Na ce kafin ka sa hannu a kowace takarda, lauyan shige da fice ya karanta ta, ya kuma yi magana da lauyan da ke riƙe da ƙarar sojan. In har yanzu kana sha, yau ce ranar bari.

Haka ma tafiya Kumasi. Ba zan ce maka kada ka je ga mahaifiya tana kwance ba, ba ni da wannan bakin. Amma fita ba wuya, dawowa ce ake yi wa mutum tambayoyi a filin jirgi. Kafin ka yanki tikiti, ka kai wa lauyan DD-214 da duk takardar hukuncin da aka taɓa yi maka a bariki, ya gaya maka matsayinka. Wannan zama ɗaya ne, ana iya yin sa cikin makon nan, ba sai ka jira kwamiti ba. In ka tafi, kada ka haura wata shida.

Game da abin da gida suka sani, ba dole ba ne ka tara dangi ka karanta musu fayil. Amma Hajiya daban ce. Ina kyautata zaton ta daɗe da jin wani abu a muryarka, iyaye mata ba a ɓoye musu irin wannan. In ta ɗan sami sauƙi, ka ce mata yaƙin ya taɓa ka, ka bar aikin ba yadda ka so ba, kana neman magani, kana neman haƙƙinka, ta sa ka a addu'a. In kuma akwai ɗan'uwa a can da kuke waya a 2014, wanda ya ji yadda kake kira da tsakar dare ba ka iya barci, ka roƙe shi ya rubuta abin da ya tuna, da wata da shekara, ya sa hannu. Ko da Hausa ya rubuta ba laifi, a fassara a haɗa da asalin, ta shiga cikin fayil.