Ga ɗan'uwan da ke tambaya kan ciwon baya da tausar gyaran jiki

Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce wata 8 ke nan bayanka na ciwo har yana sauka ƙafar dama, ƙwayoyi sun gaza, kuma an ba ka labarin masu aiki da hannu da ke duba jiki gaba ɗaya, su gyara wa mutum zama da tsayuwa. Kana son sanin ko da gaske ne ko cin kuɗi.

Ni tela ne a Sabon Gari, shekara 22 ina kan keke. Nawa ya tashi ne a wani azumi, lokacin ɗinkin Sallah, da nake zama tun bayan sahur har a kira magariba. Na sha haɗin kemis, mai diclofenac a ciki, har cikina ya fara zafi. Daga baya na gane irin waɗannan ƙwayoyin suna jawo olsa, suna kuma taɓa ƙoda idan aka daɗe a kansu. Na je wajen wani mai ɗori ya danne min baya da gwiwa, kwana uku ban iya ruku'u ba. Ɗori na karaya ne, ni kuwa babu abin da ya karye.

A ƙarshe likita ya tura ni sashen gashi, wato gashin ƙashi, inda ake gyaran jiki da motsa gaɓoɓi da tausa, a asibitin koyarwa na Shika. Na zaci fitila za a haska min a baya. Sai ma'aikacin ya ce in yi tafiya yana kallo, in duƙa, in tsaya da ƙafa ɗaya, ya ce in kwatanta masa yadda nake zama a kan keke. Da na kwanta ya sa babban yatsa a gefen ɗuwawuna na dama ya danna, wallahi sai da na yi salati da ƙarfi. Wurin da ban taɓa zargi ba! Ya ce akwai babbar jijiya da ke fitowa daga ƙasan ƙashin baya, ta ratsa ɗuwawu ta gangara har ƙafa. Bencina ya yi ƙasa, ina taka keke da ƙafa ɗaya, na karkata gefe guda shekara da shekaru, naman wurin ya ɗaure.

Tausar tana da daɗi, ba na musu. Amma sauƙinta kwana biyu ne zuwa uku, in ka koma zamanka na da ciwon ya dawo. Abin da ya riƙe ni shi ne aikin da aka ba ni na gida: in kwanta rigingine a tabarma, in tanƙwara gwiwa in ɗaga ƙugu sama, in jawo gwiwa zuwa ƙirji, safe da yamma. Na sa kafinta ya ƙara wa bencina tsawo. Kowane rabin awa nakan miƙe, ko da guga ne in yi a tsaye. Yaran shago har dariya suke min. Sai da na kusa wata uku kafin na yi Sallah a tsaye ba cije leɓe.

Ko shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya ta amince da motsa jiki da tausa, amma ba ta goyi bayan bel ɗin ɗaure ƙugu da ake talla a kasuwa ba. Nawa yana nan cikin durowa.

Duk wanda ya ce zai mayar maka da ƙashi wurinsa a zama ɗaya, riƙe kuɗinka. Nemi ma'aikacin gashi mai lasisi. Kuma tunda naka ya sauka ƙafa, likita ya fara ganin ka. Idan ƙafar na mutuwa ko tana ja, ko fitsari da bayan gida suna kuɓuce maka, ko tsakanin cinyoyi ya yi dindiris ba ka jin taɓawa, kada ka kwana a gida. Haka idan akwai zazzaɓi da rama da zufar dare, domin tarin fuka na kama ƙashin baya.

Ba ka faɗi sana'arka ba, Malam. Achaba ne, ofis ne, ko dako? Ranar da za ka je, ka sa wando mai sakewa, kuma ka lura da yadda kake zama a wurin aiki, don shi za su fara tambayar ka.