Me zai hana mu ƙara mata ƙarfe?

Ka ce tunda ƙafar shasin gaban Corolla ɗin nan ta lanƙwashe, me zai hana idan mun ja ta ta miƙe mu ɗora mata ƙarfe mai kauri mu walde, ta fi da ƙarfi. Yaro, ajiye gudumar nan ka saurara.

Da gangan aka ƙera gaban mota don ya murƙushe. Kamfanin Mercedes ne ya fara fito da mota mai wannan tsari a 1959. Leƙa ka ga ramukan nan da lotsawar da ke jikin ƙafar, nan ne wuraren da aka tsara ta naɗe idan an yi karo, ta shanye dukan kafin ya kai ga mutane. Ka toshe su da ƙarfe, dukan zai zarce cikin ɗakin mota, ya sauka a ƙirjin direba da gwiwoyinsa. Har jakar iska ma lissafinta ya rikice, don na'urarta da wannan murƙushewar aka auna ta.

Wurin da ake son tauri shi ne kewayen fasinja, musamman ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya. A motocin yanzu ƙarfensa na musamman ne, mai sinadarin boron, tun a masana'anta aka gasa shi ya yi tauri. Ka kai masa wutar kabaid har ya yi ja, ka kashe shi ke nan, ko da ido na ganinsa garau. Da a ce Fijo 504 ce irin wadda aka harhaɗa a Kaduna, sai ka gasa, ka buga, ta ba ka haɗin kai. Wannan ginshiƙin kuwa idan ya karye sai a je kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a yanko wani, a sauya daga mahaɗarsa ta asali.

Ga inda na yarda da ƙari: idan ka yanke dokin ƙofa na ƙasa za ka haɗa sabo, yanko ɗan ƙyalle daga irin ƙarfen, kauri ɗaya, ka zura ta ciki ya tallafi bakunan biyu. Huda ramuka na milimita 8, ka cike su da walda. Bi da ɗigo-ɗigo, nan da can, kana bari yana hucewa, don fallen jikin mota bai kai kaurin milimita ɗaya ba, zafi kaɗan sai ya bauɗe. Ka shafa maganin tsatsa ta ciki kafin damina ta same shi.

Mai motar zai ce kuɗin sun yi yawa, a lafta fila kawai, wato ƙullin nan da ake cike lotsawa da shi. Turo min shi, ni zan yi masa bayani. Yanzu ɗauko tef ka auna min daga kusurwa zuwa kusurwa, mu ga nawa ta goce.