Sharaɗin mataki ba ya ganin canjin da rubutun PowerShell ya yi

Kana tambaya me ya sa, a jerin matakai (task sequence) na Microsoft Configuration Manager, manhajar sarrafa kwamfutocin ma'aikata, matakin da ke biye ba ya gudana duk da rubutunka na PowerShell ya sa ƙimar da sharaɗin matakin ke dubawa. Matsalar ita ce ka yi amfani da $env:, wato ma'ajin ƙima na wucin gadi na PowerShell, wanda ke mutuwa da zarar rubutun ya ƙare. Maimakon haka, ka buɗe Microsoft.SMS.TSEnvironment, ma'ajin ƙimomin jerin matakan, da New-Object -ComObject, ka ajiye shi a $ts, ka rubuta $ts.Value('Sashe') = 'Kudi'. Sannan a shafin Options na matakin, ka sa sharaɗin Sashe ya yi daidai da Kudi.

Amma fa wannan hanyar tana aiki ne kawai yayin da jerin matakan ke gudana, don haka gwaji a kwamfutarka ba tare da jerin yana gudana ba zai haifar da kuskure. In kuma matakin yana cikin WinPE, ƙaramin Windows da ake tada kwamfuta da shi don girka cikakken Windows, tabbatar an saka PowerShell a hoton farawa (boot image). Idan an tsallake matakin, smsts.log, fayil ɗin da ke ajiye bayanan abin da jerin matakan ya yi, zai nuna yadda aka auna sharaɗin.