Kafin ka ce za ka zo Kanada harbin mus, ɗana, ka karanta wannan

Ɗana, saƙon muryarka na minti bakwai na saurare shi har ƙarshe, kuma kai ne na huɗu daga gida da ya taso min da maganar nan tun ranar da na saka hoton nan ina durƙushe gefen mus, wato ƙatuwar dabbar dajin nan dangin barewa da ake kira moose, shi yasa zan amsa sau ɗaya kowa ya gani. Ka ce kana neman gurbin karatu a Ontario, in ka sauka a Satumba to Oktoba mu faɗa daji tare, in ajiye maka bindiga, har da lissafin kilishin da za mu yi mu riƙa sayarwa 'yan Najeriya a Toronto.

Bari in fara da kilishin in wuce. Sayar da naman farauta laifi ne a nan, ka ci, ka yi kyauta, amma ko tsoka ɗaya ka karɓi kuɗi a kanta ka shiga hannun malaman daji. Wannan maganar ka binne ta.

Oktoban da kake faɗa kuma ba zai yiwu ba. A dokar farautar Ontario sai ka zauna wata 6 a jere cikin wata 12 da suka wuce kafin a kira ka mazauni, in ba haka ba baƙo kake, baƙo kuma ta hannun kamfanin masu kai mutane farauta yake harbin mus, kuɗin da suke caza ya isa ya riƙe ka watanni a makaranta. Akwai rangwame ga ɗan uwa na jini, amma abin da ya ban mamaki har yau shi ne yadda suka lissafa jinin: iyaye, kakanni, mata ko miji, 'ya'ya, jikoki, wa ko ƙani. Kawu ba ya ciki. Ni a wajena kai ɗana ne, ciki ɗaya muka fito da mahaifiyarka, amma a takardarsu ni da kai babu wata alaƙa.

Sai bindiga. Ka manta da yadda kakanmu yake rataye adakarsa a zaure kowa na gani. Nan sai ka yi kwas na sarrafa bindiga ka ci jarrabawa ta rubutu da ta hannu, sannan ka cike fom na lasisin da ake kira PAL wanda 'yan sandan tarayya RCMP ke bayarwa, a nemi mutum biyu da suka san ka su tsaya maka, in kana da mata sai ta sani, kuma wanda bai kai shekara 5 a ƙasar ba sai ya kawo takardar shaidar ɗa'a daga 'yan sandan ƙasarsa. Doka ta ce aƙalla kwana 28 za ka jira, ni nawa sai da ya ci wata biyar saboda takardar gida da aka yi ta ja min rai a kanta, yau oga baya nan, gobe a kawo na goro. Bayan wannan akwai wani kwas daban na farauta, da katin daji, da lasisin mus. Duk ka gama wannan ma ba ka da izinin kashe komai fa. Izinin shi ne tag, takarda ɗaya dabba ɗaya, a yanki ɗaya, kuma an rubuta ko namiji ne ko mace ko ɗan maraƙi. Tun 2021 da maki ake rabawa, a watan Afrilu ake nema, duk shekarar da ka nema ba ka samu ba a ƙara maka maki ɗaya. Akwai dattawan da na sani sun fi shekara goma suna tarawa saboda yankin da suke so. Ni shekara shida na yi ina nema kafin sunana ya fito.

To kafin nan me nake yi? Bin ayarin wasu, don doka ta yarda in mutum ɗaya yana da tag sauran masu lasisi su yi farauta tare da shi matuƙar ba su yi nisan da ya wuce kilomita 5 da shi ba kuma suna iya magana da juna nan take. A nan ne aka yi min abin da har yau in na tuna raina yake ɓaci. Wani abokin aikina ya gayyace ni, mu huɗu, muka raba kuɗin mai da abinci daidai wa daida, na ɗauki hutun sati ba albashi. Muka bar Thunder Bay muka hau hanya mai lamba 527 wadda take zuwa Armstrong, muka ratse ta hanyar masu yankan katako. Da muka kafa tanti sai na ga an mayar da ni mai girki da wanke-wanke, su tafi da asuba su bar ni da itace. Ranar da suka kashe kuwa ni aka fara kira, cinya biyu ni na ɗauko su a baya ta cikin taɓo, kowacce ta kusa kilo 50, kafaɗata sai da ta yi sati tana zugi. Da aka dawo gari aka miƙo min leda biyu ta niƙaƙƙen nama, wai ai ba ni na harba ba. Naman ma ban ci ba don ba a ambaci sunan Allah a kai ba, maƙwabcina na ba, amma rainin ne ya tsaya min a maƙogwaro. Duk wanda za ka bi daji, ku yi maganar rabo da aiki tun kuna gari, ka ji da bakinsa, kar kunya irin tamu ta hana ka tambaya.

Yanzu abin da nake so ka fi riƙewa. Kai da ka tashi kana bin farautar gayya da karnuka da ganga, kana ganin ka san dawa. Wannan dawar ba irin Falgore ba ce, ba Bafulatani da za ka ci karo da shi ka tambayi hanya, ba hayaƙin ƙauye, ba sabis a waya ko layi ɗaya. Bishiyoyin duk kamarsu ɗaya, a cunkushe, ƙasan kuma kamar katifa, ka taka ka ji laushi sai kawai ka nutse har gwiwa cikin ruwa mai kamar ƙanƙara. Kowa daga gida beya (wato bear) da kyarkeci yake tambayata, suna nan kam, baƙar beya ta taɓa yaga mana buhun abinci, amma wanda ya kusa kashe ni sanyi ne. A tafiyata ta biyu na bi sawu na shiga, a zatona ɗan taƙi ne, hadari ya rufe rana, na juyo ban san gabas ba. Wandon jins ne a jikina da rigar auduga a ciki, na yi gumi, ga yayyafi, auduga kuma in ta jiƙe ba ta bushewa sai dai ta yi ta zuƙe ɗumin jikinka. Kafin magariba yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa, ashana na hannuna na kasa ƙyasta ta, haƙorana na haɗuwa, wallahi na yi kalmar shahada na zauna gindin bishiya. Abin da ya cece ni bayan ikon Allah shi ne na daina tafiya, na harba sau uku a jere wanda shi ne alamar neman agaji, suka amsa da hon ɗin mota. Ashe ko mita 400 babu tsakanina da hanya. Tun ranar kayan ulu nake sawa, kamfas a wuya, da 'yar na'urar tura saƙo ta tauraron ɗan adam, kuma ba na barin gida sai na rubuta wa matata inda za mu sauka da ranar dawowa.

Sauran dokokin kwas zai koya maka: riga da hula masu ruwan lemo dole, ba harbi sai rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta, ba harsashi a cikin bindiga in tana mota. Sallah kuma ka koyi shafa a kan huffi da kyau, don alwala da ruwan tafkin da bakinsa ya fara daskarewa sau biyar a rana ba kowa zai iya ba.

Shekarar da tag ɗina ya fito, da wani dattijo ɗan ƙabilar Ojibwe, 'yan asalin ƙasar nan, na tafi, mutumin kirki, su farautar nan haƙƙinsu ce ta yarjejeniya tun kafin a haifi kakanninmu. Shi ya koya min kiran mus da ɓawon wata farar bishiya da ake naɗewa kamar ƙaho, ka yi kukan macen, don daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba suke barbara. Kwana biyar muna zaune bakin fadama ba mu ga ko gashi ba, ba magana, ba taba, iska ma sai ka lura ta ina take kaɗawa. Rana ta shida da sassafe sai na ji ƙarar karyewar rassa, da wani gurnani ƙasa-ƙasa, sai ga shi ya fito daga hazo. Ɗana, hoto ba ya nuna girman dabbar nan. Ya fi duk bijimin da ka taɓa gani a kara tsayi, fuska kamar ta raƙumi, ƙaho kamar an shimfiɗa faifai biyu, numfashinsa na fita kamar hayaƙi. Gwiwata na rawa na ce Bismillahi Allahu Akbar na saka masa a bayan karfata, ya yi 'yan taku ya faɗi, na tarar da sauran rai na yanka shi kamar yadda malamai suka ce. Na yi kuka a wajen, mahaifinmu na tuna.

Hoton da ka gani minti ɗaya ne. Bayansa awa tara muka yi muna fiɗa da daddatsawa da jigila, don in ba ka buɗe cikin ka cire fata da wuri ba ɗumin jikinsa kaɗai zai lalata naman, barin nama ya lalace kuma laifi ne da ake cin tara a kai. Na cika firiza biyu, na raba wa gidaje goma sha ɗaya a masallacinmu, dattijon nan kuma cinya guda na kai masa har ƙofa. Da gumina na kai nan, ba wanda ya ɗora ni.

Kai kuwa abin da ke gabanka yanzu daban ne. Tun Janairun 2024 sai ɗalibi ya nuna dalar Kanada 20,635 na rayuwa ban da kuɗin makaranta da jirgi, an ma sake ƙarawa bayan nan, an rage yawan bizar karatu, aiki kuma awa 24 a sati kawai aka yarda ka yi a wajen makaranta lokacin karatu. Ni sama da dala 3,000 na kashe a kwas da bindiga da takalma da kayan sanyi kafin in taka daji, kuma sai da na gama karatu na samu aiki. Oktoba ma tsakiyar zangon karatu ne, wa zai ba ka sati?

Turo min takardar admishan ɗin da sunan makarantar in duba ko tana cikin waɗanda gwamnati ta amince su ɗauki ɗaliban waje, don ejan da yawa suna cutar yaranmu a nan. In Allah ya kawo ka, shekarar farko ka yi kwas ɗin nan biyu a lokacin hutu, ka fara neman tag da zarar ka cancanta don makinka ya fara taruwa, in kai ka zomo da kazar daji kusa da gari in ga yadda kake riƙe bindiga. Ka gaishe min da Yaya, ka ce mata maganin ƙafar yana hanya.