Ƙaramar bindiga mai araha a Amurka: maganar wa za a ɗauka cikin masu ita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston, jihar Texas, ina da katin zama na dindindin. Aikin dare nake yi, kuma an fara fasa motoci da gidaje a unguwarmu, shi ya sa nake tunanin sayen ƙaramar bindiga in ajiye a gida. Abin da zan iya fitarwa bai wuce dala 300 ba. Na ga Hi-Point da Taurus a shago. Da na tambayi masu irinsu, wani ya ce tasa ba ta taɓa cijewa ba, wani kuma ya ce kada in kuskura, tarkace ce. Maganar wa zan ɗauka? Kuma gaskiya ne mai araha ba ta samun abin da aka auna?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya tsare ku da iyali. Mutanen nan biyu da ka tambaya, mai yiwuwa ne babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa labarin guda ɗayan da ke hannunsa ya ba ka. Matsalar bindigogi masu araha a yau ita ce ba su cika fitowa iri ɗaya daga masana'anta ba. Kamfanin da zai sayar maka da bindiga a dala 250 dole ya rage kuɗi a wani wuri, kuma wurin da aka fi ragewa shi ne gogewar ƙarshe da binciken kowace guda kafin a sa ta a kwali. Yawanci suna fitowa lafiya, kaɗan su fito da ɗan lahani a sifirin ko a gidan harsashi, wato kwandon da ake jera harsasai a cusa a jikin bindiga. Wanda ya dace da lafiyayya zai rantse da ita, wanda ya haɗu da mai lahani zai zagi kamfanin har abada.

Kafin ka ɗauki shaidar kowa, tambaye shi harsashi nawa ya harba da ita. Mutane da yawa sukan sayi bindiga, su je filin koyon harbi sau ɗaya, su ƙarar da kwali guda mai harsashi 50, su kulle ta a durowa. Irin wannan idan ya ce maka "ba ta taɓa ba ni matsala ba", gaskiya ya faɗa, amma shaidarsa ba ta da nauyi. Wanda za ka saurara shi ne mai zuwa fili a kai a kai, ko malamin koyar da harbi wanda ɗalibai ke kawo masa iri-iri yana ganin wadda ke tsayawa a tsakiyar darasi. Akwai kuma masu zagi don ji-da-kai kawai, waɗanda ba su taɓa riƙe bindigar da suke kushewa ba. A Amurka raina Hi-Point ya zama kamar abin wasa tsakanin masu bindiga.

Mugun sunan bindiga mai araha yana da tarihi. Bayan dokar bindigogi ta Amurka ta 1968 ta toshe shigo da ƙananan bindigogi masu arha daga ƙasashen waje, wasu kamfanoni a kudancin jihar Kalifoniya, irin su Raven, Jennings, Bryco, Lorcin da Davis, suka cike gurbin da kayan da aka zuba da ƙarfe mai taushi. Waɗannan sun cancanci zagin da aka yi musu, kuma kusan duk sun rufe. Idan ka ga ɗayarsu a shagon jingina an ce dala 80, ka wuce abinka. Abin da ake sayarwa yanzu a dala 200 zuwa 350 ya yi musu nisa.

Mu ɗauki biyun da ka gani. Hi-Point C9 ana ƙera ta a Mansfield, jihar Ohio, kuma kuɗinta yana kai-komo a wajen dala 200. Tsarinta mai sauƙi ne ƙwarai: bututun a kafe yake, nauyin ƙarfen saman da ke zamewa baya shi ke riƙe ƙarfin harbin. Shi ya sa saman nata ya yi ƙato, an zuba shi da haɗin ƙarfen zinki, nauyinta ya haura gram 800, ga shi harsashi 8 kawai gidanta ke ɗauka. Araha ba ta ado, kuma wannan kam ba ta yi ba. Amma abin da masu ita suka fi maimaitawa shi ne tana tashi, kuma kamfanin yana ba da garanti na har abada wanda ke bin bindigar ko da ta sauya hannu. Ƙorafin da ya fi yawa a kanta na gidan harsashi ne: leɓɓansa na sama kan zo a ɗan karkace, sai harsashi ya soki ƙasa maimakon ya shige bututu. Warware ta don wanki ma akwai ɗan wahala, sai an buge wani ƙaramin ƙusa. Kuma ba a yi ta don mai harba dubban harsasai kowace shekara ba.

Taurus kamfanin Brazil ne, reshensa na Amurka ya koma Bainbridge a jihar Jojiya a 2019. G2C da G3C su ne kasuwarsa ta masu ƙaramin ƙarfi, tsakanin dala 250 da 300, harsashi 12, ga rashin nauyi. Wanda ya ce maka tarkace ce wataƙila yana tuna shari'ar da aka yi da kamfanin a kan wasu tsofaffin samfurori 9, bindigogi kusan miliyan ɗaya, waɗanda aka yi zargin suna iya tashi idan sun faɗi ƙasa. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma ya yarda da sulhu, kotu ta amince da shi a 2016. G2C da G3C ba sa cikin waɗancan, kuma sunansu wajen masu amfani da su ya fi na magabatansu kyau nesa ba kusa ba. Inda har yanzu ake guna-guni shi ne jinkirin gyara idan aka mayar da bindiga kamfani. Kada kuma ka ɗauka tsada ce ke hana irin wannan: SIG P320, wadda sojan Amurka suka zaɓi nau'inta a 2017, a wannan shekarar ta 2017 aka nuna tana iya tashi idan ta faɗi ta wata kusurwa, har kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta.

A ra'ayina, da za ka ɗan ƙara haƙuri ka tara wata dala 50 ko 100, zaɓinka zai faɗaɗa. Akwai Ruger Security-9 mai harsashi 15, akwai Smith & Wesson SD9, akwai Canik ta Turkiyya wadda masu ita ke yabon laushin kunamarta, akwai Dagger ta Palmetto State Armory da aka kwaikwayo daga Glock 19. Sannan shaguna kan sami Glock ko Smith & Wesson da hukumomin 'yan sanda suka sauya, jikinsu ya goge da gidan fatar da ake rataya su a ciki amma cikinsu bai sha aiki ba. Sabuwar Glock 19 tana haura dala 500, waɗannan kuwa sukan faɗo ƙasa sosai. Idan dole sai cikin biyun da ka ambata, ni G3C zan ɗauka, don ta fi daɗin riƙo kuma ta fi ɗaukar harsashi. Hi-Point ba abin kunya ba ce ga wanda dala 200 ce iyakarsa kuma a gida za ta zauna.

Yanzu maganar cijewa, domin nan ne ake yawan ɗora wa bindiga laifin da ba nata ba. Bindiga mai sarrafa kanta tana amfani da ƙarfin harbi ne ta tura samanta baya, ta tofar da kwanson da ya ƙone, ta ɗauko sabon harsashi. Idan mai harbi ya riƙe ta sako-sako, wuyan hannunsa ya lanƙwashe, sai hannun ya shanye ƙarfin da ya kamata ya yi wannan aikin, kwanso ya maƙale a tsaye a bakin tagar da yake fita ta cikinta. Sabon mai harbi zai ce bindiga ta lalace, malami ya karɓa ya harba gida guda cur ba tangarɗa. Bayan riƙo sai gidan harsashi, wanda shi ne kan gaba wajen haddasa tsayawa a kowace irin bindiga, mai tsada da mai araha. Shi ya sa ake sa wa kowane gida lamba, don idan matsala ta maimaitu a gane wanne ne. Sai harsashin kansa: mafi arha, musamman wanda aka sake cikawa, yakan zo da albarushi mai rauni ko ya ƙi kamawa. Sai mai. Abin da ke jikin sabuwar bindiga daga kwali sau da yawa man hana tsatsa ne, dole a goge shi a sa na aiki kafin harbin farko. Kamar sabon babur ne, ba a fito da shi daga kwali a kama hanyar Kano zuwa Abuja ba tare da an duba mai an ɗaure kusoshi ba. Masu araha da yawa sukan yi 'yar gardama a harsashi 100 ko 200 na farko kafin ƙarafan su saba da juna, daga nan su miƙe.

Batun samun bara kuwa, amsar za ta ba ka mamaki. Idan aka ɗaure bindigogin nan a kan teburi aka harba, yawancinsu suna tara harsasai a wurin da bai fi tafin hannu ba daga nisan yadi 15 zuwa 25. Hi-Point ma, saboda bututunta ba ya motsi, takan ba masu raina ta kunya a nan. Nisan da ke tsakanin ƙofar ɗaki da ƙarshen falo bai kai haka ba. Abin da ke watsa harbi shi ne kunama. Ta Glock tana buƙatar jan da ya kai nauyin kilo 2 da rabi. Ta SD9 VE, wadda aka daɗe ana kuka da ita, tana kai wa kilo 3 da rabi. Ka duba: bindigar ba ta kai kilo ɗaya ba, yatsa kuma yana jan ninkinta uku ko huɗu. Duk wanda bai ƙware ba, hancin bindigar zai gusa kafin ta tashi, kuma mai harbi da hannun dama yakan ga harsasansa suna sauka ƙasa ta hagu. Sai ya ce saitin da ake auna bara da shi a karkace yake, alhali yatsansa ne da kuma zabura da yake yi yana jiran ƙarar. Gajeren bututu ma yana ƙara wahala, domin tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya kaɗan ce, ƙaramin kuskure sai ya zama babba a kan allo. To ka ga mai tsada tana sauƙaƙa wa mutum harbi mai kyau ne, amma mai araha a hannun wanda ya yi atisaye ta fi mai tsada a hannun wanda bai yi ba.

Saboda haka kasafinka na dala 300 yana da gyara. Bindigar da za ka dogara da ita sai ka gwada ta da kanka: harsashi 200 zuwa 300 na atisaye, wanda zai ci kusan dala 100, sannan kwali ɗaya ko biyu na ainihin wanda za ka ajiye a cikinta. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin harsashin kariya mai rami a kai ne, kuma akwai bindigar da ke haɗiye mai dunƙulallen kai lafiya lau amma ta shaƙe da mai ramin. Idan bayan wanki da sabawa tana ci gaba da tsayawa da gidaje daban-daban da harsashi daban-daban, kada ka kai wa wani abokin aiki ya goga mata fayil. Ka kira kamfanin, garantin da ka biya ke nan. Filayen harbi da yawa a Houston suna ba da hayar bindiga, sai ka gwada biyu ko uku kafin ka fitar da kuɗinka, ka ji wadda ta zauna a hannunka. Ka haɗa da kuɗin darasi ko da na yini ɗaya ne. Texas ta cire wajabcin lasisin ɗaukar ƙaramar bindiga tun Satumban 2021, amma ajin lasisin yana nan, kuma a can ake koyar da lokacin da doka ta yarda a harba da lokacin da mutum zai tsinci kansa a kurkuku.

Tunda aikin dare kake yi, ka yi tunani a kan wanda zai kasance a gida tare da bindigar lokacin da ba ka nan. Idan uwargida ce za ta iya buƙatarta, ita ma sai ta je fili, kuma ta gwada ko za ta iya jan saman baya, domin na Hi-Point yana da tauri ga mai ƙaramin hannu. Idan akwai yara, akwatin ƙarfe mai lambobin sirri ya zama dole, kuma a Texas laifi ne barin bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta. Ka kuma sani cewa fiye da rabin mutuwar da bindiga ke jawowa a Amurka kisan kai ne da mutum ke yi wa kansa, don haka idan akwai mai fama da matsananciyar damuwa a gidan, wannan ma abin aunawa ne kafin a shigo da ita.

Ta fuskar doka, katinka na dindindin ya ba ka damar saye a shago mai lasisi idan ka kai shekara 21: za ka cike fom mai lamba 4473, a binciki tarihinka, sannan a miƙa maka. Masu bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana su, in ban da 'yan keɓantattun hanyoyi, kuma sayen bindiga da sunanka don ka miƙa wa wanda bai cancanta ba babban laifi ne, ko da ɗan garinku ne ya roƙe ka. Ranar da za ka je ganin gida kuma, ka bar ta a kulle a Houston, ka zazzage jakarka kada ko harsashi ɗaya ya ɓuya a aljihu. A dokar makamai ta Najeriya ta 1959, fistol da libarba suna cikin rukunin haramtattun makamai waɗanda shugaban ƙasa ne kaɗai ke ba da lasisinsu, kuma takardar shagon Texas ba za ta yi maka amfani a filin jirgin Kano ko na Legas ba.