Allurar gejin mai ta kwanta a E, ina matsalar?

Tambaya: Salam Malam, ina da tsohuwar Chevrolet ƙirar 1968, ko na cika tanki fal allurar gejin mai bata tashi daga E, shin gejin ne ya mutu ko me?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Toh kar ka yi saurin siyan sabon geji, yawanci laifin na can cikin tanki ne gun fulota, wato abin da ke yawo a saman mai yana nuna wa geji yawan man. Fara da wannan gwajin, ka zare wayar da ke kan tankin sannan ka murɗa makulli, a motocin GM (kamfanin da ke ƙera Chevrolet) irin taka idan gejin lafiyarsa lau allura zata haura har ta wuce F, in ka taɓa wayar a bodi kuma ta dawo E. In ko bata motsa ba to ko wayar ta goge tana taɓa ƙarfe a hanya, ko gejin ne.

In ta motsa sai a ciro fulotar, amma dan Allah ka cire kan batir tukuna, ka rage man, kuma ba sigari ba wuta a kusa, tururin fetur baya wasa wallahi. Girgiza ta kusa da kunnenka, in ka ji mai na motsi a ciki ta huje shi yasa take nutsewa, canza ta kawai yafi liƙi. Sai ka sa mitar awon lantarki a kan awon ohm kana ɗaga hannun fulotar a hankali, ya kamata lambar mitar ta tashi daga 0 zuwa 90 ohm ba tsalle, in tana yankewa siririyar wayar ciki ta cinye ko tsatsa ta kama ta. Wajen mayarwa ka sa sabuwar robar bakin tanki, tsohuwar zata yi yoyo.