Diyya ce ko la'ada? Amsa ga mai sayar da maganin feshi

Wani bawan Allah mai shagon maganin ƙwari a tsohuwar kasuwar Sakkwato ya aiko da tambaya. Ya ce ya ji ana cewa kamfani yakan biya wani kamfani "diyya" idan ya dogara da bincikensa wajen neman rajistar magani, shi kuwa a ganinsa "la'ada" ta fi dacewa, tun da ba a kashe kowa ba.

Malam, sai mun san abin kafin mu raɗa masa suna. Hukuma, kamar NAFDAC a nan gida ko EPA a Amurka, ba ta amincewa da maganin feshi sai an kawo shaidar gwaji kan illarsa ga mutum da dabba da ruwan sha, gwajin kuwa yana cin shekaru da dukiya mai yawa. A dokar maganin ƙwari ta Amurka, bisa gyaran da aka yi mata a 1978, kamfanin da ya fara kawo sabon sinadari shi kaɗai ke cin moriyar bayanan gwajin da ya miƙa wa hukuma har shekara 10. Bayan haka wani yana iya dogara da su, amma sai ya biya muddin ba su cika shekara 15 da miƙawa ba, idan kuma aka kasa daidaitawa kan farashi, masu sulhu su yanke hukuncin da ya hau kan kowa.

La'ada rabon dillali ce, wanda ya haɗa mai saye da mai sayarwa, kamar yadda ake yi kullum a kasuwar albasa. A nan babu dillali, saboda haka ba ta shiga ba.

Diyya kuwa asalinta Larabci ne, kuɗin jini ko na rauni, kuma daga nan shakkarka ta taso. Sai dai Bahaushe ya daɗe da faɗaɗa ta. Idan gwamnati ta ratsa gonar mutum da hanya, ba laifi ta yi ba, shi ma ba shi da ikon hanawa, amma abin da za a ba shi diyya muke ce masa. Matsayin kamfanin farko ke nan: doka ta buɗe wa wasu abin da ya sha wahala a kansa, ta kuma hana a yi "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi", karin maganar da ake yi wa wanda ya kwashe amfanin wahalar wani. A nawa ra'ayin, "diyyar bayanan bincike" daidai ne, kuma ita zan shawarci masu fassarar labarai su riƙe.